Yadda ake shirya tawagar ɗalibai don gasar ƙere-ƙeren kimiyya: jagora ga malaman sakandare a Jos

A kowane zauren gasar ƙere-ƙere, teburin da mutane suka fi yi wa dafifi shi ne wanda aka ɗora wa gidan kwali mai fitilu, ko jirgi mai saukar ungulu da ya sha fenti. Amma ba kasafai irin wannan tebur ke ɗaukar kofi ba. Alƙalai kan wuce shi, su je su tsaya kan wani ɗan akwati marar kwalliya, saboda yaran da ke bayansa suna riƙe da littafi cike da alƙaluma, kuma duk abin da aka tambaye su suna da amsa. Aikin malami tun daga makon farko shi ne ya kai ɗalibansa ga irin wannan tebur na biyu: abu ƙarami, mai aiki, wanda aka gwada sau da yawa aka rubuta sakamakonsa.

A fara da takardar dokokin gasa

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a nemo dokokin gasar a rubuce, a karanta tare da ɗalibai. Gasanni sun bambanta ƙwarai. Gasar JETS, wato ta matasan injiniyoyi da masu kimiyya, da kulob-kulob na makarantun sakandare ke shiga takan tashi daga jiha zuwa matakin ƙasa. Ƙungiyar malaman kimiyya ta Najeriya, STAN, ita ma tana shirya gasar ayyukan ɗalibai da kacici-kacici. Technovation ta 'yan mata ce zalla, kuma manhajar waya ake ginawa, ba na'ura ba. ISEF ta Amurka, gasar kimiyya ta ɗaliban sakandare daga ƙasashen duniya, ba ta karɓar tawagar da ta wuce mutum 3. Abubuwan da za a ja wa layi a takardar su ne yawan 'yan tawaga, shekaru ko aji, girman tebur, ko za a ba da wutar lantarki, mintunan bayani, abubuwan da aka hana shiga da su zaure, da yadda aka raba maki. Rabon maki ya fi kome muhimmanci. In aka ba rahoto da bayani rabin maki, to rabin lokacin shiri nasu ne.

Daga ranar gasa a ƙirgo baya mako 12. Ƙasa da haka, gwaji ne zai sha wuya, domin shi ake fara yankewa idan lokaci ya ƙure.

Zaɓen yara

Mutum 3 ko 4 sun isa. Da an kai 6, biyu za su yi aiki, huɗu su yi kallo. A ɗauko daga SS1 da SS2. 'Yan SS3 hankalinsu na kan WAEC da NECO tun daga zango na biyu, kuma duk abin da suka koya da shi za su fita, makaranta ta koma farko.

Kada a tsaya kan waɗanda ke zuwa na ɗaya a aji. Yaron da ke zama shagon mai gyaran rediyo bayan an tashi makaranta, ko yarinyar da littafinta ya fi na kowa tsafta da tsari, sun fi amfani a nan fiye da mai haddace ma'anoni. Hanya mai sauƙi ta tantancewa: a ba kowane rukuni batir, ƙwan fitila, waya, kwali da salatif, a ce cikin minti 30 su haɗa fitilar da za ta kama in an buɗe murfin akwati. Malam ya koma gefe ya zuba ido. Wa ya fara zanawa kafin ya yanka? Wa ya sake gwadawa bayan ta ƙi? Wa ya ƙwace kayan ya hana kowa taɓawa? Wannan na ƙarshe, kome ƙoƙarinsa, sai an yi masa magana tun da wuri.

A raba aiki: mai gini, mai haɗa waya da rubuta umarnin kwamfuta, mai riƙe littafin aiki da awo, mai kula da kuɗi da allon bayani. Amma kowane mako a yi musaya na rana ɗaya, domin alƙali yakan tsallake mai baki ya tambayi wanda ya yi shiru a gefe. A kuma karɓi takardar amincewar iyaye tun yanzu, musamman in za a riƙa tsayawa bayan tashi ko zuwa ranar Asabar. In akwai 'yan mata a tawagar, a tanadi malama da za ta raka su tafiya.

Matsala daga unguwa, ba daga intanet ba

Mako 2 na farko ba a taɓa kayan aiki. A tura yara su je su gani, su yi tambaya. Jos ba ta rasa matsalolin da suka yi daidai da ƙarfin ɗan sakandare: tumatir da ke ruɓewa a kasuwar Farin Gada lokacin da kaya suka yi yawa, dankalin turawa daga Bokkos da Mangu da ke tsiro ko lalacewa a ajiya, 'yan tsaki da sanyin Disamba da Janairu ke kashewa, masu lambu da ke jan ruwa daga tsofaffin ramukan kuza. Kowane yaro ya yi hira da mutum 5 da abin ya shafa, ya rubuta abin da suka faɗa da bakinsu.

Sai a tace da tambayoyi kaɗan. Za a iya auna nasararsa da lamba? Ana samun kayansa a Jos? Za a iya gwada shi aƙalla sau 3 kafin gasa? Nan ne injin ƙyanƙyasar ƙwai ke faɗuwa, duk da farin jininsa: ƙwan kaza kwana 21 yake ɗauka, gwaji 3 sun cinye mako 9, ga shi gasanni da yawa suna da tsauraran dokoki kan gwaji da dabba mai rai.

A ƙarshe a rubuta matsalar cikin jimla ɗaya mai lamba. "Za mu taimaki manoma" ba jimla ba ce da za a iya gwadawa. "Za mu busar da kilo 2 na yankakken tumatir cikin kwana 2 ba tare da ƙura ko ƙuda sun taɓa shi ba" ita ce irin wadda ake so. Da wannan misali na akwatin yin kauɗa za mu ci gaba, amma matakan ɗaya ne ko wane aiki aka zaɓa.

Lissafi kafin guduma

Nan ne yawancin tawagogi ke tsallakewa, kuma nan ne maki yake. Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne. Ke nan kilo 2 na ɗauke da tsoka busasshiya ta kimanin giram 120 kacal. In ana so kauɗar ta rage da ruwa kashi 10 cikin 100, nauyin ƙarshe zai kama giram 130 zuwa 140. Wato sai an kori ruwa kusan kilo 1.9. Yaran sun riga sun san daga darasin fiziks cewa mayar da kilo 1 na ruwa tururi na cin kilojul 2,260 ko sama da haka kaɗan. A ƙiyasce, farantin tara zafin rana mai tsawon mita 1 da faɗin santimita 60 zai samu kilowat-awa 3 a yinin rana mai kyau, kuma in rubu'insa ne ya tafi ga busarwa, ruwan da zai kora bai fi kilo 1 da ɗoriya ba. Ga kwana 2 ɗin nan sun fito daga lissafi, ba daga fata ba. Yaron da ya iya yin wannan a kan allo gaban alƙali ya gama rabin aikinsa.

Bayan lissafi sai zane da awo a takarda, sannan samfurin kwali. Kwali na nuna kurakurai ba tare da asarar kuɗi ba: ƙofar da ba ta buɗuwa, tiren da ba ya zaruwa, akwatin da ya fi ƙofar mota faɗi.

Ga tsarin da ke aiki. Farantin tara zafi akwati ne marar zurfi, santimita 15, a shimfiɗa kwanon rufi a ciki a shafe shi da baƙin fenti marar ƙyalli, a rufe sama da farar leda mai kauri ko gilashi. A jingine shi yana fuskantar kudu, a karkace da digiri 10 zuwa 15, tunda Jos na kusa da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya. Bakinsa na sama ya shiga ƙasan ɗakin shanya, mai santimita 60 a kowane gefe da tsayin 80, da tire 3 masu tazarar santimita 15. A bar mashigar iska a ƙasan farantin, mafita a saman ɗakin, duka a rufe da raga. Kuskuren da aka fi yi shi ne toshe ko'ina don zafi ya taru. Zafi zai taru kuwa, amma tururi ba shi da hanyar fita, sai a wayi gari leda na ɗigar ruwa, tumatir ya dahu ya yi funfuna. Iska mai wucewa ce ke busarwa, zafi taimaka mata yake yi.

Ragar tire ta zama ta roba irin ta taga. Ragar ƙarfe na tsatsa da tsamin tumatir. Gidan sauro kuwa kada a kusance shi, akwai maganin ƙwari a jikinsa. Fenti ma a bar shi ya sha rana kwana 3 kafin a sa abinci, in ba haka ba kauɗar za ta ɗauki wari.

Katako da raga ana samu a Katako ko kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru. Ba laifi kafinta ya yanka da injinsa, hannun yara ya fi aikin daraja, amma awo da haɗawa nasu ne, kuma a rubuta a littafi wane ɓangare aka kai wa kafinta. Alƙalai ba sa ƙin taimako, ɓoye shi suke ƙi.

Ɓangaren lantarki, inda abubuwa ke ƙonewa

Ba dole ba ne a sa lantarki. In an sa, ya zama yana da dalili: fanka don jan iska, da na'urar auna zafi da za ta kunna fankar in ɗakin ya wuce digiri 60, tunda tsakanin 50 da 60 ake so. Sama da haka, saman tumatir ya ƙeƙashe ya yi baƙi, ciki kuma da sauran ruwa.

Kayan da ake bukata: Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta da ake loda wa umarni), fankar tsohuwar kwamfuta guda 2 masu bolt 12, na'urar auna zafi, rile ko taransista (makunnin da Arduino ke sarrafawa), batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7, farantin sola na wat 20 da abin daidaita cajinsa. Wasu ana samu a shagunan kayan lantarki na wajen Terminus, wasu sai an yi oda daga Abuja ko Legas, don haka a yi odar a mako na 3, kuma duk ƙaramin abu a sayi biyu.

Kurakuran nan kusan kowace tawaga sai ta faɗa ɗaya daga ciki. Na farko, cikin na'urorin auna zafi DHT11 ita ce mai arha, amma iyakarta digiri 50, daidai inda aikin ya fara. A sayi DHT22 mai kaiwa 80, ko DS18B20 mai kaiwa 125. Ita DS18B20 sai an sa razista ta kilo-om 4.7 tsakanin wayar saƙo da bolt 5. In allo ya nuna -127, ba sanyin Jos ba ne, alama ce Arduino bai ga na'urar ba. Na biyu, haɗa fanka kai tsaye da ƙafar Arduino, wato ramin da ake jona waya. Ƙafar ba ta jure fiye da mili-amfiya 40, fanka kuwa na jan wajen 200. Sai an bi ta rile ko taransista, a kuma gitta dayod 1N4007 a kan fankar don wutar da ke komowa in an kashe. Na uku, mantawa da haɗa wayar ƙasa (nagatif, GND) ta batir da ta Arduino wuri ɗaya. In ba a haɗa ba, na'urar za ta riƙa yin abin da ta ga dama. Na huɗu, sola da aka rubuta wa bolt 12 yana ba da sama da 20 in ba a ɗora masa kaya ba, a auna da mitar wuta a gani, don haka ba a jona shi da fanka ko Arduino kai tsaye. Ƙaramin batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 kuwa, na nuni ne kawai, ba ya kai yini.

A sa yara su lissafa wutar da kansu. Fanka 2, kowace wat 2.4, na awa 8, sun ci wat-awa 38. Batirin na ɗauke da 84, amma rabi kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko. Ya isa, da ƙyar.

Allon gwaji mai ramuka na ɗakin gwaji ne. Da zarar haɗin ya yi aiki, a mayar da shi kan allon dindindin a like da dalma, a ɗaure wayoyi, a yi wa kowace alama. Aikin dalma a yi shi kusa da taga, malam na tsaye.

Gwaji da littafin aiki

Mako na 7 zuwa na 10 na gwaji ne, kuma ba a taɓa su ko da fenti bai gamu ba. Littafin aiki ya zama mai bango mai tauri, a sa lamba a kowane shafi, a rubuta da biro, kwanan wata a sama. Ba a yage shafi, ba a gogewa. Kuskure a ja masa layi ɗaya. Littafin da aka kwafe tas daren gasa da biro ɗaya da hannu ɗaya, alƙali na gane shi daga nesa.

Gwaji ba shi da ma'ana sai da abin kwatance. A sayi tumatir daga kwando ɗaya, a yanka da kauri ɗaya, kamar milimita 5 zuwa 8, a raba biyu daidai a sikeli. Rabi cikin akwati, rabi a shanya a buhu a fili kamar yadda aka saba. A auna nauyin kowane da zafin ciki da na waje duk bayan awa 2, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma. A rubuta yanayin sama. A ɗauki hoto a wuri ɗaya, lokaci ɗaya. A maimaita sau 3 a kwanaki daban. In za a canza wani abu, a canza ɗaya tak: yau da fanka, gobe babu, sauran duk yadda suke.

Akwai abin da zai ba yara mamaki. A tsakiyar hunturu iskar Jos a bushe take ƙarau, shanyar fili ma tana saurin bushewa, har ta iya kusan kamo ta akwati. Kada a gyara lambobi. A rubuta yadda ya fito, a nuna inda akwatin ya yi fice: babu ƙura, babu ƙuda, launi ja ne ba ƙasa-ƙasa ba. In da hali a sake gwaji a farkon damina, wajen Afrilu, lokacin da shanyar fili ke zama caca. Tawagar da ta ce "a nan mun gaza, ga dalili, ga abin da muka canza" ta fi burge masana fiye da wadda kome nata ya tafi sumul. Haka kuma a mayar da kauɗar ga masu sayar da ita su taɓa, su shinshina, su faɗi nawa za su saya. Wannan ma sakamako ne.

Duk rasit a manna shi a bayan littafi. Tambayar "nawa ya ci?" ba ta taɓa ƙin zuwa, kuma bayanta sai "manomi zai iya saya?" A ware kashi 1 cikin 5 na kuɗin don abin da zai ƙone.

Bayani gaban alƙalai

Mako 2 na ƙarshe na baki ne. Allon bayani ya ɗauki matsala, zane, hoton gwaji, jadawalin nauyi da ke sauka da lokaci, kuɗi, da abin da ya rage a gyara. Rubutu ya karantu daga taku 3. Zane ɗaya mai layi biyu, na akwati da na fili, ya fi shafi 5 na surutu.

Da Turanci ake bayani a yawancin gasanni, amma kada a fara da shi. A sa yaro ya fara bayyana aikin da Hausa ga wani ɗan JS1 ko mai gadin makaranta. In ya iya, ya fahimta, sai a juya zuwa Turanci. In aka fara da haddar Turanci, tambaya ɗaya daga gefe za ta watsa shi. A gayyato malamin da bai san aikin ba, ko wani daga Jami'ar Jos ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Barkin Ladi, ya zauna a matsayin alƙali, ya katse su, ya matsa musu. Me ya sa baƙin fenti? In hadari ya rufe rana fa? Wa ya rubuta umarnin Arduino? Nuna mini layin da ke kunna fanka. A koya musu cewa "Yallaɓai, ba mu gwada wannan ba, amma ga abin da muke zato" amsa ce mai kyau. Malam kuma ya koyi kama bakinsa. A wasu zaurukan ma ba a barin malami kusa da tebur.

Akwatin shanya ba ya aiki a cikin zaure, babu rana. Don haka a tanadi bidiyon minti 1 a waya, samfurin kauɗa iri biyu a leda mai haske, da hanyar nuna fankar na kamawa: a kusantar da na'urar auna zafi ga kofin ruwan zafi daga filas, lamba ta hau, fanka ta tashi.

Tafiya

In gasar a Abuja take, hanyar Akwanga da Keffi za ta girgiza duk abin da ba a ɗaure ba. A kwance farantin daga ɗakin shanya, a cire batir a naɗe bakinsa da salatif, kayan lantarki a riƙe a cinya cikin akwati mai soso. A isa kwana ɗaya kafin gasa, a haɗa a gwada a daren. Abuja ta fi Jos zafi sosai, kuma gam ɗin kyandir na saki a motar da ta tsaya a rana, don haka duk abin da ke ɗaukar nauyi a sa masa noti ko ƙusa. Jakar gyara ta ƙunshi mita, sukundireba, ƙarfen dalma da dalmarsa, Arduino na biyu da an riga an loda masa umarnin, na'urar auna zafi ta biyu, wayoyi, salatif, soket mai doguwar waya, da kwafin umarnin a filashi da kuma a takarda. Batir ya kwana a caji. Littafin aiki kuma ya shiga jakar hannun wanda ke riƙe da shi, ba but ɗin mota ba.